Amsa: yaya mai jifa mara gudu yake cin wasa a besbol har ya kai ƙarshen kaka?

Ɗan'uwa tambayarka ita ce, tunda kullum abin da ake haskawa a talabijin lambar gudun ƙwallo ce, mil 98, mil 100 a awa, masu sharhi na ta ihu, to yaya aka yi wasu masu jifa da ƙwallonsu ba ta wuce mil 86 ko 88 suke kai kaka guda cur suna cin wasa, wasunsu har da ɗaukar kyauta. Na ji daɗin tambayar wallahi don irin masu jifan nan su na fi so a wasan gaba ɗaya, amsar dai tana da ɗan tsawo sai ka yi haƙuri da ni.

Kafin komai kar wani ya ce maka gudu ba shi da amfani. Yana da shi, sosai ma. Abin da gudu ke saya wa mai jifa shi ne yafiya. Mutum irin Aroldis Chapman, ɗan Kuba da ya jefa mil 105.8 a 2010 lokacin yana kulob ɗin Reds, in ya nufi gefe ƙwallo ta zame masa ta faɗa tsakiya, sau da yawa zai sha, don kafin mai bugu ya juyo da kulkinsa ta riga ta wuce. Mai mil 86 kuwa in ya yi irin wannan kuskuren sai dai a je bayan katanga a ɗauko ƙwallon. Matsakaicin gudun miƙaƙƙiyar jifa a babbar gasar Amurka, MLB, yanzu ya kai wajen mil 94 a awa, kusan kilomita 151 kenan, alhali a 2008 bai kai 92 ba. To duk wanda ka ga yana cin abinci da ƙasa da 90 a tsakiyar waɗannan mutanen, ka san cewa shi ba a yafe masa komai, abin da ya iya dole ya yi shi daidai kusan kullum.

Saboda waɗanda ba su saba da wasan ba bari in ɗan shimfiɗa. Mai jifa na tsaye a kan ɗan tudu, tsakaninsa da farantin da mai bugu ke tsaye a gefensa ƙafa 60 da inci 6 ne, mita 18 da 'yan kai. Faɗin farantin inci 17. A samansa akwai wata taga da ba a zana ta ba, alƙalin wasa ne ke ƙiyasta ta, daga ƙasan gwiwar mai bugu zuwa wajen ƙirjinsa. Ƙwallo ta bi ta cikin tagar bai buga ba, ko ya kai duka ya kuskure, sitirayik ɗaya kenan, in sun kai uku ya fita. In ta bi ta waje ya ƙyale ta an rubuta wa mai jifa ɗaya, in sun kai huɗu mai bugu ya wuce tashar farko a kyauta, wato ta farko cikin tashoshin da zai zagaya ya dawo faranti kafin a rubuta maki. Wasa turmi 9 ne, kowane turmi sai an fitar da mutum uku, kaga 27 kenan. Kuma babu inda aka ce sai da sitirayik za a fitar da su. Wanda ya buga ƙwallo ta gangara gaban mai tsaro aka riga shi zuwa tasha, da wanda aka kora da sitirayik uku masu ƙara, a takarda duk fita ɗaya ce. Duk sana'ar mai jifa mara gudu a kan wannan ta ginu.

Yanzu maganar lokaci, wadda ita ce uwar komai. Ƙwallon mil 95 tana isa faranti cikin kusan 0.4 na sakan. Juya kulkin kansa yana cin wajen 0.15, saboda haka mai bugu dole ya yanke shawara tun ƙwallo na hanya, bai ga ƙarshenta ba, hasashe yake yi da abin da idonsa ya ɗauka daga hannun mai jifa da farkon tafiyar ƙwallon. Kuma in ya yi gaggawa ko ya makara da abin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na sakan ba, bugun ya fita gefe. Warren Spahn, mai jifan da ya yi nasara a wasa 363, ya taɓa cewa bugu daidaita lokaci ne, jifa kuma ɓata wannan lokacin. Gudu hanya ɗaya ce ta ɓata shi, ka rage wa mutum lokacin tunani. Ɗaya hanyar ita ce ka sa ya yarda da lokacin da ba shi ba. Kamar bugun fenariti ne, akwai mai narka ƙwallo da ƙarfi gola ya bi ta daidai amma bai cim mata ba, akwai kuma wanda zai jira gola ya faɗi hagu ya tura ta dama a hankali, kuma duka biyun ci ne.

Makamin farko na wannan yaudara shi ne jifar da ake kira cenjof, mai rage gudu. Ana tura ƙwallon can cikin tafin hannu, wasu su haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe a gefenta, sai a jefa da ƙarfin hannu iri ɗaya sak da na miƙaƙƙiya, amma riƙon ya cinye mata mil 8 zuwa 10. Mai bugu ya ga saurin hannu ya ce mai gudu ce, ya zuba nauyinsa a ƙafar gaba, ƙwallo ba ta iso ba. Ko ya taɓa ta ma da hannu kawai zai taɓa ba da ƙugu ba, bugu ya fito sanyi. Abin lura a nan shi ne mai bugu tazarar yake ji, lambar da ke allo ba ta dame shi ba. Wanda ya sha 76 sau biyu a jere, in aka watso masa 86 zai ji kamar wuta ce. Trevor Hoffman na Padres bayan kafaɗarsa ta samu matsala gudunsa ya sauka, da wannan jifar ya riƙa shigowa a ƙarshen wasa yana kare nasarar kulob, har sau 601 a tsawon sana'arsa.

Sai wuri. Kuma mutane da yawa suna ɗauka wuri na nufin jefa sitirayik kawai, a'a. Jefa ƙwallo cikin taga abu ne, jefa ta a kusurwar da ka zaɓa wani abu ne daban, na biyun shi ake nema. Akwai wani abu da ya sa wuri da gudu suke haɗe: ƙwallon da ta matso jikin mai bugu kuma ta yi sama, dole ya tare ta can gaba, wato ya fara juyi da wuri, ita kuwa wadda ta yi nesa da shi ta yi ƙasa sai ya jira ta ta shigo. To in ka jefa 86 a jikinsa sannan ka bi da 77 a nesa ƙasa, tazarar da ya ji ta wuce mil 9 nesa ba kusa ba. Shi ya sa mai jifa mara gudu ba shi da zaɓi, dole ya yi ƙarfin halin jifa a ciki kusa da hannun mutum, duk da ya san in ta zame inci biyu zuwa tsakiya an gama da shi. Matsoraci da ke tsayawa waje kawai, masu bugu za su jingino kan faranti su cinye shi cikin wata ɗaya. Jamie Moyer da ƙwallonsa ta mil 81, 82 yana shiga jikin ƙattai ba tare da wani ɗar ba, kuma wannan ne ya buɗe masa wajen.

Na uku motsi ne, musamman motsin da ke zuwa a makare. Jifar da ake riƙewa a kan ɗinki biyu tana karkata ta ɓangaren hannun mai jifa tana kuma nutsewa, mai bugu ya daki samanta ta gangara ƙasa, in akwai mutum a tashar farko sai a fitar da biyu a bugu ɗaya. Akwai mai yanka da ke gocewa ɗaya ɓangaren da ɗan inci kaɗan, daidai abin da zai kauce wa tsokar kulki ya daki siririn wurin. Ba a neman mai bugu ya kuskure gaba ɗaya, so ake ya buga amma da wurin da bai so ba. Greg Maddux yana da wata da yake yi wa masu bugu da hagu, zai saki ƙwallon kamar za ta daki ƙugunsu, su ja baya, sai ta lanƙwaso ta shiga gefen faranti, alƙali ya ɗaga hannu. In ka ga bidiyonta za ka maimaita kallo.

Tunda na ambaci Maddux bari in tsaya a kansa, don shi ne sunan da kowa ke kawowa kuma akwai ɗan gyara a labarin. Yana saurayi yana taɓa 92, 93, wanda a farkon shekarun 1990 ba rashin gudu ba ne, daga baya ne ya sauko tsakiyar 80 kuma ya ci gaba da cin wasa. Amma ko a ganiyarsa ba gudu ne abincinsa ba. Nasara 355. Kyautar Cy Young ta gwarzon mai jifa sau huɗu a jere, 1992 zuwa 1995. Kaka 17 a jere yana yin nasara 15 ko fiye. Lambar da ta fi burge ni kuwa ita ce ya jefa turmi sama da 5,000 amma mutum 999 kacal ya bai wa tasha kyauta. A 1997 a turmi 232 da ɗoriya mutum 20 ya bai wa, 6 daga ciki ma da gangan ne. A wannan shekarar ya gama wasa guda cur da Cubs da jifa ƙasa da 80, abin da wasu ke ƙonawa a turmi huɗu. Dalilin da ya sa wannan ke da muhimmanci: mai jifa mara gudu ya san za a buge shi, babu makawa, to abin da zai iya hanawa shi ne kar bugun ya tarar da mutanen da shi ya ɗora a tasha da hannunsa. Ƙwallo ta tsallake katanga babu kowa a tasha maki ɗaya ne, da mutum biyu a kai maki uku ne, wasa ya tafi.

Haka kuma ƙidaya. Jifar farko in ta zama sitirayik, mai bugu ya shiga kare kai. In an kai shi sitirayik biyu, a duk gasar abin da masu bugu ke samu bai kai bugu 2 mai kyau, wato wanda ya kai su tasha lafiya, cikin 10 ba, don dole su kai wa duk abin da ya yi kusa duka. In kuwa mai jifa ne ya faɗa baya, biyu a waje babu sitirayik, kowa a filin ya san miƙaƙƙiya ce ke tafe, kuma miƙaƙƙiyar 86 da aka san da zuwanta sadaka ce. Shi ya sa waɗannan mutanen suke koyon jefa cenjof ko mai lanƙwasa a daidai lokacin da littafi ya ce a jefa mai gudu. Wannan sai wanda ya yarda da hannunsa ƙwarai.

To yanzu ɓangaren kaka, wanda ina ganin shi ne ainihin tambayarka, kuma shi ne wanda masu kallon gajerun bidiyo ba sa gani.

Kulob na buga wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum, da tafiye tafiye daga wannan gaɓar Amurka zuwa waccan. Lissafa 162 sau 9, turmi wajen 1,450 ne dole wani ya jefa su, kuma masu jifa 13 kawai aka yarda kulob ya riƙe a lokaci guda. Masu farawa biyar ne suna karɓa karɓa, kowa ya fito sau 32 ko 33 in lafiya ta yarda. Duk turmin da mai farawa bai jefa ba, 'yan canji ne za su ɗauka, kuma su ma hannu ne da su ba inji ba. Mai gudun da ke neman sitirayik a kan kowa yana ƙona jifa 100 a turmi biyar, a cire shi, 'yan canji huɗu su shigo. Gobe ma haka. Kafin Agusta hannayensu sun mutu, sai ka ga kulob na zubar da wasannin da ya riga ya ci a turmi na takwas. Shi kuwa mai sa a buga da wuri, jifa 10 ko 12 ya gama turmi, zai kai na bakwai ko na takwas, ranar sa 'yan canji sun huta, kuma hutun nan wanda zai fara gobe da jibi ne ke cin moriyarsa. Wannan amfanin ba ya fitowa a lambobinsa shi kaɗai amma koci ya san da shi.

Mark Buehrle na White Sox shi ne misalin da ba shi da na biyu a nan. Ƙwallonsa tsakiyar 80 take yawo. Daga 2001 zuwa 2014, kaka 14 a jere, bai taɓa kasa turmi 200 ba. Yana karɓar ƙwallo yana jefawa, ba ya barin mai bugu ya yi tunani, a 2005 ya taɓa gama wasa da Mariners cikin awa ɗaya da minti 39, kuma masu tsaron bayansa na son haka don ƙafarsu ba ta yin sanyi. A shekarar White Sox ta ɗauki World Series, wato kofin ƙarshe na MLB, karon farko tun 1917. Mutumin nan da ake cewa ba shi da gudu ya yi wasan da ba a samu bugu mai kyau ko ɗaya a hannunsa ba a 2007, sannan a watan Yulin 2009 ya fitar da mutum 27 na Tampa Bay a jere babu wanda ya taka tasha. Ka kwatanta da yanzu, a duk kakar 2024 mutum huɗu ne kacal suka kai turmi 200 a gasar gaba ɗaya. Ɗaya daga cikinsu Seth Lugo ne na Royals, wanda gudunsa bai kai matsakaici ba amma yana da kalar jifa kusan tara, kuma kulob ɗin da ya sha kashi 106 a 2023 ya shiga wasannin share fage na kofi a 2024 da shi a gaba.

Sai dai kaka na da nata sharrin ga irin waɗannan. Kulob ɗin da kuke rukuni ɗaya za su gan ka fiye da sau ɗaya a shekara, kuma a wasa ɗaya ma in mai bugu ya zo gabanka karo na uku ya fi haɗari nesa da karon farko, wannan lambobi sun tabbatar da shi shi ya sa koci na yanzu ke saurin cire mai farawa. Mai gudu zai iya nuna abu ɗaya kullum ya sha. Mara gudu dole ya riƙa ajiya, abin da ya fitar da kai da shi a turmi na ɗaya ba zai maimaita a na shida ba, abin da ya nuna maka a Mayu yana sane cewa ka riƙe shi, a Satumba sai ya zo da kishiyarsa. Moyer yana da littafin da yake rubuta abin da ya gani a kan masu bugu. Suna karanta ƙafa, suna karanta yadda mutum ya bugi ƙwallon da ta fita gefe, in ya makara a kanta to kar ka taimake shi da mai sanyi, in ya yi gaggawa to ƙara rage masa. Aikin ƙwaƙwalwa ne na wata shida babu hutu.

Kuma ba ya yiwuwa shi kaɗai, wannan ina so ka riƙe shi da kyau. Wajen 2001 wani mai nazari Voros McCracken ya nuna cewa da zarar an buga ƙwallo ta faɗa cikin fili, ikon mai jifa a kan abin da zai biyo baya kaɗan ne, kusan kashi 30 cikin ɗari za su zama bugu mai kyau ko wane ne ya jefa. An yi ta gardama a kai, kuma daga baya an ga cewa wasu ƙalilan na iya rage ƙarfin bugu da gaske, amma gundarin maganar ya tsaya. Ma'ana wanda ya dogara da a buga, ya dogara da mutum bakwai da ke bayansa da kuma sa'a. Kyle Hendricks na Cubs a 2016 yana jefa wajen 88, shi ya fi kowa ƙarancin maki a gasar, 2.13 a kowane turmi 9. Ya cancanta, cenjof ɗinsa iri biyu ne ɗaya na gocewa nan ɗaya can. Amma bayansa akwai Addison Russell da Javier Báez da Anthony Rizzo da Jason Heyward, tsaron da ake lissafawa cikin mafi kyau da aka taɓa gani, kulob ɗin ya ci wasa 103. Shi ma Maddux daga baya Andruw Jones ne ke share masa tsakiyar fili, ga shi kansa ya ɗauki kyautar tsaro ta Gold Glove sau 18, wato shi ma mai tsaro ne da zarar ya saki ƙwallo. Sai mai cafka da ke tsugune bayan faranti, wanda ya iya karɓar ƙwallon gefe a natse har alƙali ya ba da ita. Sai fili kansa, a Wrigley na Shikago ranar da iska ke fita waje bugun da jiya aka cafke yau ya tsallake, a Denver kuwa da ke sama da mita 1,600 iska ba ta da kauri, ƙwallo ba ta lanƙwasa yadda ya kamata.

In kana son ka ga duk wannan ya haɗu wuri ɗaya ka duba Braves ta Atlanta a 1995. Kocin jifansu Leo Mazzone abu ɗaya yake nanata musu, ku mallaki kusurwar ƙasa ta nesa da mai bugu. Maddux ya yi nasara 19 rashin nasara 2, maki 1.63. A World Series suka haɗu da Cleveland da ta ci 100 cikin wasa 144, masu bugu irin su Albert Belle da ya tsallake katanga sau 50, da Manny Ramirez da Jim Thome da Kenny Lofton. Wasan farko Maddux ya gama turmi 9, bugu mai kyau biyu kacal aka samu a hannunsa. Wasa na shida Tom Glavine, bahago, ya yi turmi 8 da bugu ɗaya, aka tashi 1 da nema, kofi ya zauna Atlanta. Glavine ba ya gajiya da abu ɗaya, waje, waje, ƙara waje da inci ɗaya, in alƙali ya ba shi sai ya ƙara wani incin, har mai bugu ya gaji ya bi ta. Da haka ya tara nasara 305.

Akwai kuma waɗanda gudun ne ya gudu ya bar su suka sake koyon sana'a daga farko, kuma su na fi girmamawa. Frank Tanana yana Angels tare da Nolan Ryan, shahararren mai jifa mai gudu, wuta yake jefawa, a 1975 ya kori mutum 269 da sitirayik. Hannu ya lalace. Ya dawo da mai lanƙwasa da dabara, kuma ranar ƙarshe ta kakar 1987, Tigers ta Detroit na takarar kan rukuni da Toronto, shi aka miƙa wa ƙwallo ya gama turmi 9 aka ci 1 da nema. Kakar kulob gaba ɗaya ta rataya a hannun mutumin da aka ce ya ƙare.

Ba zan ɓoye maka ɗaya fuskar ba. Hanyar siririya ce ƙwarai. Dallas Keuchel na Astros ya ɗauki Cy Young a 2015 da mai nutsewa ta wajen 89, 90, nasara 20, maki 2.48, shekara mai zuwa makin ya haura 4.55. Hendricks da ya kai 2024 makinsa ya kusa 6. Shi kansa Moyer, da nasararsa 269, shi ke riƙe da tarihin wanda aka fi tsallake wa katanga, sau 522, kuma kulob kulob sun sallame shi tun bai kai 30 ba, ya koma ƙaramar gasa, yawancin nasarorinsa bayan nan ya same su, 20 a Mariners ta 2001 da ta ci wasa 116, 21 a 2003 yana ɗan 40, kofi da Phillies a 2008, har ya ci wasa a 2012 yana ɗan shekara 49. Mai mil 97 in ya rasa biyu yana da 95. Mai 87 in ya rasa biyu, tazarar da ke tsakanin mai gudunsa da mai sanyinsa ta matse, in kuma saitinsa ya goce da inci biyu shikenan. Za ka kuma lura da yawansu bahagwai ne, Moyer, Glavine, Buehrle, Keuchel, Tanana, don masu bugu ba su cika ganin kusurwar hagu ba, kuma bahago na fuskantar tashar farko yana hana satar tasha, wato wanda ke kanta ya sheƙa zuwa ta gaba yayin da ake jifa. Na dama mara gudu ya fi shan wuya kafin a ba shi dama.

Masu jifa mara juyi, wadda ake turawa da farce ta tafi tana rawa a iska, su nasu daban ne. R.A. Dickey ya ɗauki Cy Young da ita a 2012 yana ɗan 37, Phil Niekro ya yi nasara 318. Amma ɗaiɗaiku ne ke iya ta, kuma yanzu ta kusa ɓacewa.

Abin da ke damuna shi ne zamani na ƙara matse su. Masu farautar 'yan wasa da na'urar auna gudu suke yawo, yaro mai 88 da saiti mai kyau sau da yawa ba a ko tsayawa kallonsa. Faɗin da alƙalai ke bai wa su Glavine ya ragu tun da aka fara auna hukuncinsu da kamara, daga kakar 2026 kuma an amince ɗan wasa ya ƙalubalanci hukuncin sitirayik na'ura ta raba gardama. A 2023 an hana tara masu tsaro a ɓangare ɗaya na fili, alhali wannan tarawar ce ke taimakon masu sa ƙwallo ta gangara. A ɗaya hannun kuma gwiwar hannun masu gudu sai tsinkewa take, tiyatar da ake kira da sunan Tommy John, wanda aka fara yi wa a 1974 kuma shi ma mai nutsewa ne da ya dawo ya jefa har yana 46, ta zama ruwan dare, kuma rahoton da MLB ta fitar a ƙarshen 2024 ya ɗora babban laifin a kan neman gudu da jifa da iyakar ƙarfi kowane lokaci. Rashin gudu ba rigakafi ba ne, Moyer ma an yi masa ita. Amma ni ina ganin kulob ɗin da ya gaji da rasa masu farawa biyu ko uku kowace kaka zai dawo ya nemi mutumin da zai ba shi fitowa 32, kuma zai biya shi da kyau.

In za ka kalli wasa ɗaya ka gwada abin da na faɗa, nemi na Cubs da Dodgers na 22 ga Oktoban 2016 a YouTube, Hendricks na jefa wa Cubs, Clayton Kershaw na jefa wa Dodgers. Hendricks ya yi turmi 7 da mutum ɗaya, bugu mai kyau biyu, babu maki, aka tashi 5 da nema Cubs ta kai World Series karon farko tun 1945. Ka rufe lambar gudun da ke gefen allo da yatsa, ka sa ido a kan abu biyu, inda mai cafka ya ajiye safar hannunsa kafin jifa da nisan da ta motsa bayan ƙwallo ta iso, sannan ƙafar gaba ta masu bugun Dodgers, ka ƙirga sau nawa ta sauka ƙasa kafin lokaci.